Notin da Na Kwance a Sangalama

Da sunan Allah da ya shimfiɗa hanyoyi, ya miƙe waɗansu ya karkata waɗansu, ya ba waɗansu bayinsa ilimi a ka, waɗansu a hannu, ya kuma bar waɗansu suna zaton an ba su duka biyun. Bayan haka, ni ne Nomau ɗan Cindo, wanda ake kira Malam Nomau mai Littafin Inji. Wannan labarin abin da ya same ni ne a Birnin Sangalama, can bayan tsaunukan da rana take faɗawa. Na rubuta shi da kaina don kada wani mai tausayi ya riga ni ya rage mini laifi.

Shekara ashirin da biyu ina koyar da ilimin inji a makarantar garinmu. In ka ba ni alli da allo, zan zana maka cikin mota tun daga fulogi har salansa ido rufe. Na rubuta littafi mai babi goma sha tara a kan haka, kuma duk tsawon shekarun nan ban taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota ba. Ina da bakanike, Oga Jatau. In lokacin juye ya yi, wato lokacin zubar da tsohon man inji a zuba sabo a canza filta, sai in kai masa mota in hakimce a benci ina yi masa bayanin abin da yake yi, shi kuma yana cewa haka ne, Malam.

Motar ta mahaifina ce. Direban haya ne, da ita ya ciyar da mu, da ita ya yi mini hidimar karatu har na zama abin da na zama. Da ya rasu, 'yan'uwana suka ɗauki gida da gona, ni na ce a bar mini motar. Tsohuwa ce shuɗiya, fentinta ya koɗe, amma ina son ta, ba na jin kunyar faɗa. Ita ce kaɗai abin da ya rage mini na tsohon.

Wata shekara labari ya zo mini cewa a Tsibirin Tama, can ƙarshen duniya, akwai wani inji da ya shekara dubu yana aiki ba a taɓa ɗiga masa mai ba. Na ce littafina ba zai cika ba sai na gan shi ya zama babi na ashirin. Na loda littattafai da guzuri, na yi sallama da iyali, na kama hanya.

Na fara bi ta Ƙasar Hanyoyi Masu Ƙaura, inda duk safiyar Alhamis hanyoyi suke naɗe kansu su koma inda suka ga dama, wanda suka samu yana tafiya a kansu kuwa su watsa shi a rami. Alhamis ɗin da ta riske ni can, mota ta ƙi tashi. Na yi ta murɗa mukulli ina yi mata faɗa har hantsi, tana tashi kuwa hanyoyi sun gama ƙaurarsu sun kwanta. Mutanen wurin suka tambaye ni yadda na gane lokacin, na ce musu lissafi ne.

Daga nan na gangara Kwarin Zabi, inda kowace zabuwa ta kai bajimin sa, kuma ba sa ganin abu mai ƙyalli su bar shi ya wuce. Gefen hanya cike yake da gawarwakin sababbin motoci da suka caccake. Tawa rabonta da wanki tun gida. Suka kewaye ta, suka karkata kai suka dube ta da ido ɗaya, suka raina ta suka koma kiwonsu. Wannan ma na shigar da shi cikin jerin dabaruna.

A wata na uku na iso Sangalama, birnin da aka gina ganuwarsa da tsofaffin tayoyi da murafan inji. Ƙofa biyu gare shi, ta shiga da ta fita. Ina shiga aka rufe ta bayana, wani dogon mutum mai farin ƙyalle a kafaɗa ya tsayar da ni. Shi ne Korau, Sarkin Ƙofa. Ya buɗe bonet, ya zaro sandar gejin mai, ya goga a ƙyallensa, ya nuna mini. Abin da ya fito baƙi ne ƙirin kamar gindin tukunya. Ya ce gaba da birnin nan Filin Kwana Tara ne, babu ruwa babu inuwa, kuma dokarsu ba ta barin mota mai irin wannan man ta fita ta kowace ƙofa sai an yi mata juye.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, a nuna mini gareji. Sai na ga mutanen da ke wurin suna kawar da kai kamar na yi batsa.

Korau ya ja ni gefe ya ba ni tarihi. Ya ce a zamanin kakanninsu bakanikai ne suka fi kowa ƙarfi a birnin, har wani magajin gari ya kai motarsa juye aka yi ta ce masa ya dawo gobe, shekara bakwai. Ranar da ya karɓe ta ya kori bakanikai kaf, ya kafa doka biyu. Ta farko, kowa shi zai yi wa motarsa juye, kuma duk wanda ya sa sifana, wato ƙarfen kwance noti, a ƙarƙashin motar wani, motar ta zama tasa har abada. Ta biyu, babu mai ba wani shawara a kan mota sai in mai motar ya miƙe tsaye a gaban jama'a ya ce, ban sani ba, domin da shawarar da ba a nema ba bakanikai suka fara cin garin. Wanda ya faɗi kalmomin nan uku kuwa, duk garin wajibi ne su koya masa da baki har ya gama.

Da na yi shiru a nan, da yanzu wani labarin nake rubutawa. Amma sai na yi murmushi, na zaro littafina na buɗe masa babi na shida, wanda yake kan juye kacokan, na nuna masa sunana a bango. Kafin azahar labari ya gama gari cewa babban malamin inji ya sauka. Magajin gari ya yanka mini rago, ya roƙe ni in yi juyen nawa gobe a dandali don jama'a su ƙaru. Na ce masa ilimi ai ba a rowarsa.

Da yamma na shiga kasuwa sayen kaya. Aka nuna mini rumfar Iya Tabawa, wata tsohuwa gajera mai sayar da man inji a randuna, ga filtoci rataye a igiya. Ta tambaye ni wace irin mota ce. Na ba ta tarihin motar tun daga mahaifina, na ɗora mata da lacca a kan kaurin mai da sirantakarsa. Ta saurare ni har ƙarshe, amma na lura ba fuskata take kallo ba, farcena take kallo. Ta haɗa mini galan ɗin mai, filta, mazurari, daro, tsumma da sifana, ta ce Allah ya ba da sa'a.

Washegari da hantsi dandali ya cika. Ka tuna fa, kowane mutum a wurin tun yana matashi yake yi wa motarsa juye, mata da maza, amma sun zo da littattafan rubutu da alƙaluma. Na fara da jawabi na sa'a guda. Na tada mota ta ɗan yi ɗumi kamar yadda babi na shida ya ce, na kashe, na tare tayoyin baya da duwatsu, na ɗaga gaba da jak. Har nan abin yana tafiya kamar a allo. Na tuɓe babbar riga na miƙa wa Korau, na shimfiɗa tabarma, na kwanta rigingine na ja jiki na shiga.

Jama'a, ƙarƙashin mota bai yi kama da zanena ba ko kaɗan. A allo komai fari ne, da sunansa a gefe, da kibiya tana nuna shi. Nan kuwa komai baƙi ne, laka ta haɗe da mai, kuma babu ƙarfen da aka rubuta wa suna. Notuna sun fi talatin, kowanne yana kama da ɗan'uwansa. Na zaɓi wanda ya fi girma ya kuma fi sauƙin kaiwa, domin na yi imani masu ƙera mota mutane ne masu hankali irina. Na ɗora sifana na yi ta murɗawa har gumi ya cika mini ido, sannan na gane ɗaure shi nake yi. Na juya hannu, ya saki, sifana ta daki yatsana, mai ya zubo cikin daro.

Man bai yi yawa ba, kuma ba baƙi ba ne sosai. Wani mai ne mai kauri, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Na turo daron waje don jama'a su gani, sai na ji ƙus-ƙus ya tashi a dandali. Na jiyo wani dattijo yana ce wa na kusa da shi, cikin takaici, shekara arba'in yana juye ashe ba ta inda ya kamata yake farawa ba. Na ji alƙaluma suna gudu a kan takardu. Raina ya yi fari, na mai da notin na ɗaure.

Filta ita na gane nan take, don ita kaɗai ce mai kama da gwangwani. Na kama ta da tsumma na murɗa, ta ƙi, na sake, ta saki gaba ɗaya, mai mai zafi ya bi hannuna har hammata. Na danne ihun na mai da shi tari. Na ɗauko sabuwar, na shafa wa robar bakinta ɗan mai da yatsa, na ɗaura da hannu ba tare da matsewa da yawa ba. Wannan shi ne abu ɗaya da na yi daidai a ranar, ina so a rubuta mini shi.

Na fito ana tafi. Na buɗe murfin mai na kafa mazurari, na juye galan ɗin nan duka ina bayani. Sannan na zaro sandar geji na goge, na mayar, na sake zarowa na ɗaga sama don kowa ya gani. Ni na fara gani. Mai ya wuce alamar cika da kusan taƙi guda, kuma baƙi ne.

A nan ilimin da ke kaina ya yi mini amfani karo na farko, ya faɗa mini sarai abin da na aikata. Man giyar mota na zubar, ba na inji ba. Tsohon man inji yana nan inda yake, na ƙara masa sabo a kai. In na tuƙa motar haka, inji zai yi ta aman hayaƙi, giya kuwa za ta ƙone ƙurmus tun kafin in yi zango ɗaya a Filin Kwana Tara. Gyaran ma na san shi a ka: a nemo notin gaskiya a zubar da man inji, a nemo ramin da ake ɗura wa giya mai a mayar mata. Inda notin yake da inda ramin yake, su ne ban sani ba.

Na ce wa jama'a akwai ɗan binciken da ya rage, na koma ƙarƙashi. Na laluba ko'ina, na goge duk ƙarfen da hannuna ya kai, ban ga komai ba. Na daɗe kwance ina kallon ƙafafun mutane kewaye da ni, har aka kira azahar, aka je aka dawo, ina nan. A lokacin nan, da a ce ƙasa za ta buɗe in shige, da na gode mata. Can sai ga waɗansu ƙananan ƙafafu cikin tsofaffin silifa sun matso har bakin tabarmata. Iya Tabawa ce. Ta faɗi abu ɗaya da doka ta yarda a faɗa wa mai mota.

"Malam, akwai abin da kake son tambaya?"

Na fito, na karkaɗe jiki, na fuskanci taron. Dabara ta faɗo mini, irin wadda ta saba fitar da ni a aji in ɗalibi ya ƙure ni. Na ce duk abin da suka gani da gangan na yi shi, don in nuna musu kuskuren da jahilai suke yi, in kuma gwada idonsu. Na tambayi wanda ya lura. Duk dandalin suka ɗaga hannu, dattijon nan mai shekara arba'in ya fi kowa ɗagawa, yana yage shafin da ya rubuta. Na ce madalla, to jarrabawa ta biyu, wa zai faɗa mini inda notin gaskiya yake a irin wannan motar?

Babu wanda ya motsa. Korau ya matso cikin ladabi ya ce a Sangalama ba a amsa tambayar wanda ya san amsa, don wannan wasa da mutane ne. In Malam ya sani, ya shiga ya nuna musu. In bai sani ba, ya san abin da ake faɗa.

Na dubi taron. Ga magajin gari a kujerarsa, ga littafina a cinyarsa ya sa yatsa a babi na shida. Ga mata sun ɗaga 'ya'yansu sama don su ga malamin da ya zo daga nesa. Kalmomin nan uku sun zo har bakina, na ji ɗacinsu. Sai wata dabarar ta riga su fitowa, wadda ta fi duk na baya kyau, kuma har in mutu ba zan yafe wa kaina ita ba. Na ce aikin malami ya ƙare inda na ɗalibi ya fara, don haka zan zaɓi mutum ɗaya ya gyara ɓarnar da hannunsa. Na ɗaga sifana na miƙa wa Iya Tabawa.

Dandali ya ɗauki salati. Korau ya tuna mini doka, ko na manta. Na ce ban manta ba, mota ba ta kai darajar ilimi ba. Na ji wata mata tana kuka saboda karamcina.

Iya Tabawa ba ta karɓa ba. Ta matso kusa, ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Ɗan nan, mai da hannunka. Kalma uku ce. Ka faɗe su in nuna maka da baki, kafin la'asar ka gama da kanka. Dariyar kwana biyu za su yi su manta. Ni motata biyu a gida, ba na bukatar taka. Jiya a rumfata ka ce ta mahaifinka ce."

Na ce, "Iya, karɓi."

Ta dube ni, ta karɓi sifanar. Sannan ta ce, "To, Allah ya bar ka da abin da ka zaɓa." Ta ɗaure zani ta shiga.

Akwai wani faifan ƙarfe da na yi ta dafawa tun safe ina zaton jikin mota ne. Ta kwance ƙananan notuna huɗu ta cire shi, ga notin gaskiya a bayansa, tazararsa da inda hancina ya wuni bai fi kamu ɗaya ba. Baƙin mai ya kwararo ya cika daro. Ta aika aka kawo wani galan na man inji, da man giya da ɗan siririn tiyo, ta ɗura na giyar ta wani rami a gefe har ya fara tsiyayowa, ta toshe. Ta zuba sabon man inji kaɗan-kaɗan tana duba geji. Ta taɓa filtar da na ɗaura, ta gyaɗa kai ta bar ta. Ruwan shayin da aka ɗora wa magajin gari bai gama tafasa ba ta gama. Korau ya goga sanda a farin ƙyallensa, mai ya fito garau. Jama'a suka yi ta yaba malamin da ya iya koyarwa haka. Korau ya karɓi mukulli daga hannuna ya sa a nata.

Suka yi mini biki na kwana uku, suka ba ni kyautar sifana ta zinariya, wadda in ka ɗora ta a noti ita ce za ta lanƙwashe. Tsibirin Tama kuwa ba a zuwa da ƙafa, don haka tafiyata ta ƙare a nan. Rana ta huɗu Iya Tabawa ta ce za ta rage mini hanya zuwa zangon da manyan motocin ayari suke ɗaukar masu komawa gabas. Na kwashe littattafaina na zuba a buhu, na zauna a kujerar fasinja.

Motar ta yi ta tafiya sumul, ba gargada, irin tafiyar da ba ta taɓa yi a hannuna ba. A haka har muka kusa zangon. Nan na fara faɗa mata halin motar, cewa ƙofar baya ta hagu sai an ɗan ɗaga ta take rufuwa, gilashin direba kada a sauke shi duka don ba ya komawa, kuma in an yi ruwa tana son a bar ta ta yi ɗumi. Ina cikin faɗa kuka ya ƙwace mini, na kasa ƙarasawa. Ta tsaya a bakin zango, ta bar ni na gama kukana. Da na sauka na rufe ƙofa a hankali, ta leƙo ta taga.

"Zan kula da ita, Malam. Ba za ta sake shan wahala ba."

Ta juya kan motar ta tafi. Na tsaya da buhu a kafaɗa ina kallon ta har ta sha kwana.

Iyakar abin da ya faru ke nan, Allah shaida ne ban ƙara ba, abin da na rage kuwa na kunya ne. Na dawo gida da suna fiye da wanda na fita da shi, don labarin karamcina ya riga ni isowa. An sake buga littafina sau huɗu, ana gayyata ta garuruwa in yi jawabi, ina zuwa a motar haya. Kuma har yau, in ina tsakiyar karatu na ji tsohuwar mota ta taho a kan titi, sai in ajiye alli in je taga in leƙa, ɗalibai su zauna suna jira na.